Dukiya da Suna a Manyan Jami'o'in Duniya



An nemi in yi magana a kan manyan jami'o'in duniya: wacce ta fi dukiya, wacce ta fi suna. Bari mu fara da dukiyar, tunda ita ce ke ƙirguwa.

Jami'ar Harvard ta Amurka, wadda aka kafa a 1636, asusun wakafinta ya haura dala biliyan 53 a 2024. Yale na biye da kimanin biliyan 41, sai Stanford da Princeton, kowacce sama da biliyan 30. Sai dai kada mu zaci kuɗin a jibge yake, sai wanda ya ga dama ya ɗiba. Uwar kuɗin ba a taɓa ta. Juya ta ake yi, a ciri kamar kashi 5 cikin 100 a shekara. Mafi yawanta kuma masu bayarwa sun ɗaure ta da sharaɗi: wannan na kujerar farfesa ne a fanni kaza, wancan na tallafin ɗalibai. Shugaban jami'a ba shi da ikon ɗibar na ɗakin karatu ya gyara rufin ɗakin kwana. Wanda ya san hukuncin wakafi a fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, don a kansa Jami'ar Azhar ta rayu ɗaruruwan shekaru.

Kuma ba kyauta kaɗai ta tara wannan dukiya ba. David Swensen, wanda ya riƙe asusun Yale daga 1985 har rasuwarsa a 2021, ya karkata kuɗin zuwa kamfanonin da ba su shiga kasuwar hannun jari ba, da gidaje, har da dazuzzukan katako. Sauran jami'o'i suka bi sawunsa.

Jimillar ma tana ruɗarwa. Ɗaliban Harvard sun haura 20,000, na Princeton ba su kai 10,000 ba, kuma ba ta da tsangayar likitanci ko ta shari'a. In aka raba dukiyar a kan kowane ɗalibi, Princeton ce a gaba, nesa ba kusa ba.

To suna fa? Nan ne lissafi ke rikicewa. Ma'aunin martabar jami'o'i na Shanghai, tun da aka fara shi a 2003, Harvard yake ɗorawa a sama. Na QS ya shafe fiye da shekara goma yana ba MIT. Mujallar Times Higher Education kuwa tun 2016 Oxford take zaɓa, alhali wakafin Oxford, har da na kwalejojinta duka, bai kai rubu'in na Harvard ba. Ba gardama suke yi a kan abu ɗaya ba, kowa da abin da yake aunawa. Shanghai na ba da kashi 30 cikin 100 ga lambobin Nobel da Fields da malamai ko tsofaffin ɗalibai suka ci, saura kusan duka ga bincike da aka wallafa. QS kuma kaso mafi tsoka tambaya ce ake aika wa malamai: waɗanne jami'o'i kuke ganin sun yi fice a fanninku? Ni a ganina, malamin da ke Jakarta ko Legas, in aka yi masa wannan tambaya, sunan da ya saba ji zai rubuta, ko da bai taɓa taka harabar ba. Sunan ya jawo ɗalibi mai hazaƙa da attajiri mai kyauta, kuɗin ya sayo farfesa mai lambar yabo, farfesan ya ƙara suna. Ko kogi bai ƙi yayyafi ba.

Abin da ba ya fitowa sosai a waɗannan ma'aunai shi ne abin da ke gudana a aji: ko malami ya karanta rubutun ɗalibinsa, ko ɗalibin ya fita da abin da bai shigo da shi ba. Alƙaluman da ake amfani da su a madadin haka, galibi jami'o'in ne da kansu ke miƙawa. A 2022 wani farfesan lissafi a Jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya bi diddigin abin da jami'arsa ta miƙa wa mujallar U.S. News, ya ƙirga ajujuwa da yawan ɗaliban da ke cikinsu daga jadawalin darussa, ya nuna alƙaluman ba su yi daidai ba. Jami'ar ta amsa cewa akwai kuskure, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Malaman su ne dai, ɗaliban ma su ne. A 2023 Jami'ar Utrecht ta Holan ta ƙi miƙa alƙalumanta ga Times Higher Education gaba ɗaya.

Saura tambayar wa ke shiga. Binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na 2017 ya gano jami'o'i da kwalejoji 38 a Amurka, ciki har da Yale da Princeton, inda 'ya'yan kashi 1 cikin 100 na mafi arziki suka fi 'ya'yan kashi 60 na ƙasa yawa. Wasu daga cikin waɗannan makarantu suna yafe wa talaka kuɗin karatu in ya samu shiga, wannan gaskiya ne, amma da dama cikinsu har yanzu suna ba ɗan tsohon ɗalibi fifiko wajen ɗauka.