Darasin Gobarar Majiya



A watan Oktoba na 2024 tankar fetur ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura. Jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 200 suka rasu. Gwamna Umar Namadi ya kafa kwamitin bincike, domin gwamnati ke da hurumin gano musabbabi.

To amma mu ma'aikata mun san rahoto kan kwana cikin fayil in babu mai bibiya. Tankoki na ratsa Birnin Kudu dare da rana. Ina roƙon ƙungiyarmu ta matsa a aiwatar da shawarwarin kwamitin, a kuma tabbatar akwai motar kashe gobara mai lafiya a Birnin Kudu da Gwaram.

Allah ya jiƙan mamatan, amin.