TAKARDAR INSHORA TA JABU: HAKKIN DA KE WUYANMU

Jawabi ga dattawa da ma'ajin ikilisiyoyin Batsari da Safana



Maganarmu ta yau ta shafi motar ikilisiya da baburan masu bishara da ke kai da kawowa tsakanin ƙauyukanmu da Dutsin-Ma da Katsina. Dokar ƙasa ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da za ta biya diyya ga wanda aka buge ko aka ɓata wa dukiya. Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin ƙaramar mota daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, diyyar dukiya kuwa har naira miliyan 3. Na babur aka sa N3,000. A ranar 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara tsananta bincike a hanyoyi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Akwai masu sayar da takarda mai araha, da hatimi da komai, alhali babu kamfanin da ya san da ita. Ranar da tsautsayi ya auku, iyalin wanda aka buge ba za su ga ko kwabo ba, nauyin ya dawo kan baikon 'yan'uwa. Araha ba ta ado. Kuma mu da ba mu da yawa a wannan yanki, laifin mutum ɗaya da sunan ikilisiya duka za a kira shi.

Saboda haka muna roƙon kowane ma'aji ya danna *565*11# a wayarsa, ya sa lambar abin hawa. Ƙungiyar kamfanonin inshora ce ke riƙe da wannan rajista. In inshorar ba ta fito ba, a tuntuɓi kamfanin. In ya ce bai san ta ba, kada a yage takardar a yi shiru. A adana ta tare da rasit, magatakarda ya rubuta ranar da aka saya da wurin, a kai ƙara ga 'yan sanda da sashen karɓar koke na NAICOM.

Su kansu kamfanonin, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta tilasta musu sanar da hukumar NFIU duk hada-hadar da suke zargi cikin awa 24. Mu kuma, yin amfani da takardar da muka san jabu ce laifi ne a gaban kotu. Haka nan ƙara gishiri a kan ɓarnar hatsari domin a karɓi kuɗi da yawa. Kada dattijo ya sa hannu a shaidar abin da idonsa bai gani ba, ko da ɗan'uwa ne ya roƙa.

Muna fatan kowace majalisar ikilisiya za ta duba takardunta kafin taro na gaba. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.