Wa zai auna ruwan Adar?

Duk wanda ya ratsa kwarin Majiya a ƙasar Buza zai ga layukan dogon yaro suna kare gero daga iska. An soma dasa su a 1975 da tallafin ƙungiyar CARE. A Keita kuwa, tun 1984 aikin da Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da FAO ya fito da mata, suna ɗauko duwatsu a ka, suna jera su a faƙo don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa. Kafin a aza dutse ɗaya, sai da masana suka auna gangaren tudu da ƙarfin ruwa.

To, yau ina masu awon? A 2025 gwamnatin Amurka ta sallami ɗaruruwan ma'aikatan NOAA, hukumar binciken yanayi, ta rushe USAID, hukumarta ta ba da agaji, jami'o'in ƙasar da dama suka dakatar da ɗaukar ma'aikata. Shafin FEWS NET mai gargaɗin yunwa ya yi watanni a rufe. A gida ma, malaman jami'a na ƙungiyar SNECS sun sha yajin aiki kan haƙƙoƙinsu da naɗin shugabannin jami'o'i, karatu ya yi ta tsayawa.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Mai noman albasa a kwarin Tarka, wajen Madawa, yana buƙatar wanda zai gaya masa ko ruwan ƙarƙashin ƙasa zai jure injinan ban ruwa da ake ta ƙarawa.

Jami'ar Djibo Hamani tana nan Tawa. Muna kira ga hukuma ta ɗauki matasa masu binciken ƙasa da ruwa, ta biya su da kuɗin gida.