Hoce, Daddawa da Nono: Jawabin Ɓangaren 'Yan Kasuwa a Bikin Zagayowar Ranar Ƙungiya

Uwar ƙungiya, iyayenmu da ke zaune a tabarmar gaba, yayye da ƙanne da sunka taso tun da sassafe daga Anka da Bukkuyum, da mu na nan Gummi, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda sunka biyo mota, sannunku da hanya, mun san halin da hanyar take ciki. Allah ya maida kowa ɗakinta lafiya.

An ce ɓangaren 'yan kasuwa mu fito mu yi magana, kuma mu rubuta a takarda don a sa a mujallar ƙungiya. To ga ta, da hannunmu munka rubuta. In kun ji mun yi tuntuɓe wurin karatu ku yi haƙuri, da girmanmu munka shiga ajin yaƙi da jahilci, wasu da goyo, wasu har da jika. Malamarmu na nan zaune, in an yi kuskure ita za a kalla.

Da munka zauna shawarar abin da za mu faɗa, wata ta ce a yi maganar bashi, wata ta ce tsadar kuɗin mota. Sai wata dattijuwa cikinmu ta ce, "Ku yi maganar abinci, kowa na da ciki." Munka yi dariya. Amma da munka fara lissafa abin da kowa ta fi so a kasuwa da wurin wadda take saye, sai dariyar ta tsaya, don da yawa cikin waɗanda munka ambata ba su fitowa kasuwa yanzu.

Bari mu fara da hoce, tunda shi ne namu. Ku je Kano ku ce hoce, sai an tambaye ku mene ne. A nan ko yaron goye ya san shi. Garin dawa ne, a kwaɓa, a bar shi ya kwana ya ɗan yi tsami, a gasa. Ba shi da wani ado, amma ya riƙe manomi tun safe har la'asar, kuma ya yi kwanaki a jakar matafiyi bai lalace ba. Kowace kasuwa tana da gwanarta. Akwai wata tsohuwa da ke zama kusa da masu lodin mota a Nasarawar Burkullu, duk wadda ke cin wannan kasuwa cikinku ta gane wadda muke nufi. Hocenta ba ya ƙonewa a baya ya bar ɗanye a ciki, kuma in ta marmashe shi ta zuba ƙuli da mai da yaji da albasa ta yi maki datu, sai kin manta kin bar kaya ba mai tsaro. Mun taɓa tambayarta sirrin. Ta ce ba wani sirri, jar dawa take so, kuma ba ta yarda yaro ya kai mata niƙa, da ƙafarta take zuwa ta tsaya a kan inji har a gama.

Wannan tsayuwa a kan inji, matasan cikinmu za su ɗauka fitinar tsufa ce. Mu da munka ga shekarar 2010 mun san daga inda ta samo ta. A wannan shekara ce gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya anka gano Bagega ma tana ciki. Duwatsun zinari ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, inda ake shanya da sussuka. Sai da likitocin MSF sunka zo, anka kwashe ƙasar gidaje anka zuba sabuwa. Tun daga nan mai hankali ba ta sayen gari ko tunkuza sai ta san hannun da ya yi. Mai sayar da abinci a ƙasar nan, jarinta na farko shi ne an san ta, an san gidansu, an san injin da take kai niƙa.

Ƙuli kuwa, wanda wasunmu ke ce ma ƙarago, ba sai mun daɗe a kansa ba, rabin ɗakin nan sana'arku ce. Abu ɗaya za mu faɗa, kuma kar a ji haushi. Da gyaɗa ta yi tsada, wasu sun koma haɗa tunkuza da garin masara ko na rogo don ta yi auki. Mai saye ba wawa ba ce. Ta jiƙa shi a ruwa don kwaɗon zogale ko na tafasa, ta ga ya yi yauƙi ya ƙi ƙamshi, mako mai zuwa ta wuce ki ta yi kamar ba ta gan ki ba. Gara ki rage girman curi ki faɗa mata gaskiya.

Inda muke so mu zauna sosai shi ne daddawa.

Iyayenmu da ke nan sun san wahalarta, amma 'yan matanmu da sunka tashi da maggi a hannu ba su sani ba, to ku saurara. Ɗorawa tana nuna da bazara. A shiga daji a kaɗo, a ɓare, a fitar da garin, a wanke ƙwayar, ita ce kalwa. Kalwar nan sai ta wuni a wuta, wani lokaci ta kwana, tana cin itace kamar ba gobe. A sauke, a surfa a turmi har baƙin ɓawon ya fita, a wanke, a tsince, a sake maida ta wuta. Sannan a zuba a kwando ko masaki, a rufe da ganye da tsumma, a ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so. A nan gwaninta take. Ki buɗe da wuri, ta fito ba ƙamshi. Ki makara, ta yi ɗaci da warin da ko maƙwabta sai sun yi magana. Ba agogo ake dubawa ba, hanci ne da tafin hannu, kuma ba a koyonsa a aji, sai kin zauna gefen wadda ta iya shekara da shekaru. Bayan nan a kirɓa, a fafe, a shanya. Ga kuma ƙanwarta daddawar batso, ta 'ya'yan sure, wadda in ba ita a miyar kuka wasu mazan ƙasar nan cewa suke ba a yi miya ba.

Su wa ke wannan aiki? Matan ƙauye. Su ke kusa da itacen ɗorawa, su ke da itacen wuta, su ke da haƙurin. Mu na gari sara muke yi mu kasa. Shekaru da yawa akwai wasu mata uku, kishiyoyi biyu da surukarsu, da ke kawo mana daddawa daga wani ƙauye a kudancin Bukkuyum. Tun kafin su sauke ƙwarya mun kama. Daddawarsu baƙa ce siɗik, ba yashi, in kin ɓalla sai ta yi maiƙo a yatsa. Bayan harin da anka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, wanda anka rasa rayuka masu yawa, ba mu sake ganinsu a kasuwa ba. Sai bara ɗaya daga cikinmu ta ci karo da ƙaramar a Anka, tana wankau a gidajen mutane. Ta tambaye ta daddawa fa? Ta ce, "Yaya, da wace tukunya? A wane daji zan kaɗo ɗorawa?" Hannun da ya iya wannan aiki yana nan lafiya lau, yana wanke kwanonin wasu.

Haka zancen nono. Masu hura cikinmu ku faɗi gaskiya, da can kowace mai dawo tana da Bafillatanarta. Gefe da gefe ake zama, ke da ƙwaryar hura, ita da ƙwaryar kindirmo da man shanu yana yawo a sama. In ta haihu ki je suna, in kin aurar da ɗiya ta kawo maki mai. Yau an sace shanun wasu, wasu sun yi ƙaura, wasu suna nan amma tsoro ya hana su shigowa gari, don ana yi masu kallon da ba su ci ba su sha ba. Su ma an kashe nasu, su ma an kore su. Abin da ya maye gurbinsu shi ne madarar gari da ake kwaɓawa a bokiti a sa mata tsami ta kwana. Ba mu zagin masu yi, wasunmu ma na yi, abinci ake nema. Amma kowa a nan ta san bambancin a harshenta. 'Yan kaɗan da sunka rage suna zuwa, don Allah in sun zo a matsa masu wuri a inuwa kamar da, kuma in yaro ya yi masu baƙar magana a tsawata masa a gabansu.

Kifi dai alhamdu lillahi, Gulbin Zamfara bai daina ba mu ba. Tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu, ɗanye da banda, har yanzu mutanen Anka in sun zo Gummi sai sun ƙulla a leda. Ƙwaryar Gummi ma tana nan ana lodinta. Amma gulbin nan da ke ciyar da mu ya karɓi nasa a 2024, ambaliya ta rushe gidaje a cikin gari da damina, sannan a watan Satumba kwalekwale ya kife da manoma masu hayewa gona. Allah ya jiƙansu.

Mun riga mun ɗanɗana yadda gari yake in ƙauye bai shigo ba. A farkon Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako saboda tsaro, anka kuma yanke layin waya. Kun tuna. Ba kasuwa, ba waya ki tambayi mai kawo maki kaya ko tana raye. A makonnin nan taliya da maggi ba su yanke a shaguna ba, don daga Gusau da Sakkwato suke zuwa a kwali. Abin da ya yi wuya shi ne namu: daddawa, kuka, kuɓewa busassa, man shanu. Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, matar ƙauye ba ta da asusun banki balle a tura mata, ta juya da kayanta ko ta bayar a wulaƙance. Kafin mu farfaɗo anka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun wannan shekara, kuɗin mota ya ninka. Kowane ɗaya cikin ukun nan ya fitar da wasu mata daga kasuwa, kuma ba duka sunka dawo ba.

To ga abin da ɓangarenmu ya kawo gaban ƙungiya, kuma muna so a yanke shi yau kafin a watse.

Kowace shekara in an raba ribar asusu, kowa ta karɓi nata, cikin mako biyu ya tafi a anko da gudummawar biki. Ba ƙarya muka yi ba, mu ma haka muke. Muna roƙon bana a riƙe kashi ɗaya cikin uku. In kaka ta yi a sayi gyaɗa da 'ya'yan sure, in bazara ta yi a sayi kalwa lokacin da take araha, daga kasuwannin da har yanzu ake kawowa, a ajiye a ɗakin ƙungiya. A sayi manyan tukwane guda biyu ga kowane reshe. Sannan kowane reshe ya nemo matan da sunka yi gudun hijira sunka zauna a garinsu, waɗanda an san sun iya daddawa ko hoce ko ƙuli tun a ƙauye, a ba su kayan da awo, tiya kaza, a rubuta. Su yi, mu masu rumfa mu saya a farashin kasuwa, a cire kuɗin kaya a maida asusu, ribar ta zama tasu. Kuma kowace ta ɗauki yarinya ɗaya cikin ɗiyanmu tana kama mata aiki, don a koya.

Mun ji abin da ake faɗa a bayan fage, gara mu amsa a nan. An ce baƙi ne, in sun gudu da kaya fa? Gaskiya ne ana iya samun haka. Shi ya sa munka ce kowace sai 'yar ƙungiya ɗaya ta tsaya mata, kuma a fara da kaɗan, wadda ta cika alkawari a ƙara mata. Mu bakwai a ɓangarenmu mun riga mun yarda za mu tsaya ma mutum bakwai na farko. An ce gyaɗa na yin ƙwari a ajiya. A bar ta da ɓawonta, a busar da ita sosai, a ɗora buhu a kan katako kar ya taɓa ƙasa, kuma ba mu yarda a zuba mata maganin feshin gona ba, abin da za a ci ne. An kuma ce wa zai riƙe lissafi, kar a zo ana rigima. Shekarun baya da wannan tambaya ta rufe mana baki, don ƙulli muke yi a bakin zane muna zana layi a bango da gawayi, ɗan wani ya rubuta mana abin da ya ga dama. Yanzu a ajinmu kaɗai mutum goma sha ɗaya ke iya rubuta suna da tiya da naira. Za a buɗe littafi, a karanta shi a bainar jama'a kowane taron wata, duk mai shakka ta zo ta sa yatsa a kan layi.

Akwai wadda ta ce mana, ita kuɗinta take so a hannu, tana da marayu a gabanta. Wannan ba mu da abin ce mata sai gaskiya ne. Muna ba da shawarar duk mai irin wannan lalura ta faɗa ma uwar ƙungiya a asirce a ba ta nata cikakke, ba wanda zai ji.

Abincin da za a kawo maku in an idar da sallar azahar, datun hoce ne da tuwon dawa miyar kuka. Daddawar da ke cikin miyar, ƙaramar nan da munka ce an gani a Anka ita ta yi ta. Mun haɗa mata kuɗin kalwa tiya biyu, wata ta ara mata tukunya. Tana nan a bayan rumfa wurin murhu, kunya ta hana ta shigowa. Ku ci tukuna, sannan magatakarda ta kira sunaye reshe reshe a ɗaga hannu.