Wa Ke Sauraron Karatun Yaro Shi Kaɗai?

  

An nemi in yi magana a kan yadda yini yake tafiya a ajin firamare, da abin da gida zai iya yi. Zan fara da yinin, domin da yawanmu iyakarmu da yaro bakin zaure ne. Daga ya rataya jaka ya karya kwana, sai kuma ya dawo da azahar yana neman abinci.

Kafin ƙarfe takwas yara sun share aji da fili, monita ya goge allo. A kaɗa ƙararrawa, kowane aji ya ja layinsa, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a duba farce da kai da kayan makaranta. A shiga aji, malam ya buɗe rajista ya kira suna. Sai darussa su biyo baya, kowane kamar rabin awa ko minti talatin da biyar. A fita tara, mai kuɗin tara ya sayi awara ko rogo, marar shi ya tsaya gindin bishiya. A dawo, a ƙarasa, a tashi. Ranar Juma'a a tashi da wuri saboda masallaci.

Kada a raina wannan tsari. Yaro ɗan shekara shida a nan yake fara sanin cewa kowane abu da lokacinsa, a nan yake koyon bin layi da jiran a kira shi da ɗaga hannu kafin ya yi magana. Makarantar da ƙararrawarta ke kaɗawa a kan lokaci, malamanta kuma suna cikin aji, ta riga ta yi rabin aikinta.

Amma mu shiga aji ɗaya mu zauna a can baya, inda yara suke zaune a ƙasa. Malama ta rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo. Ta nuna da sanda, aji ya amsa har ana ji a titi. Ga wani yaro kusa da taga, bakinsa yana motsi tare da na kowa, amma idonsa ba ya kan allon. Da aka ce a kwafa, ya kwafa tsaf, kamar yadda zai zana mota. Ka kira shi gefe, ka ɗora yatsa a kan na huɗu ka ce ya karanta maka. Ko ya yi shiru, ko ya koma farko ya rero su duka har ya iso wurin. Wannan yaro ba dakiki ba ne. Ya haddace sautin ajin ne, bai haɗa shi da abin da aka rubuta ba, kuma babu wanda ya taɓa jin sa shi kaɗai balle a gane. Haka zai wuce aji biyu, ya wuce aji uku, har ya kai inda darussa suka koma Turanci, sannan mu fara cewa yaron nan ba ya ja.

Ban ɗora wa malama laifi ba, kuma ga dalilina. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976, zuwa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 wadda ta wajabta shekara tara, yara sun yi ta kwarara makaranta, kuma alhamdulillahi da haka. Sai dai azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Akwai malamai a ɗakin nan da suke tsayawa gaban yara ɗari. Ku yi lissafin da kanku: in aka raba minti 35 ga yara ɗari, kowane ya tashi da daƙiƙa 21, ko da malama ba ta yi komai ba sai sauraro. Karatun amshi shi ne abin da ya rage mata.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa komai hayaniyar tsangaya, malam ba ya barin almajiri ya wanke allo sai ya zo gabansa ya biya shi kaɗai. Mai babbaƙu yana kan babbaƙunsa, mai farfaru yana kan farfarunsa, ba a ɗaga kowa don sa'o'insa sun wuce. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna a duniya da wata hanya mai kama da wannan: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a haɗa shi da waɗanda suke mataki ɗaya da shi, ko wane aji suke. Mu mun gaji wannan tun kaka da kakanni, sai muka bar shi a ƙofar makarantar boko.

To, in aji ba zai iya jin yaro shi kaɗai ba, gida zai iya. A nan ne nake so in daɗe, musamman da ku iyaye mata.

Na san abin da wata za ta ce: ni ban yi boko ba, me zan koya masa? Baiwar Allah, ba koyarwa aka ce ki yi ba, sauraro ne. Ki zaunar da shi a tabarma bayan la'asar ko bayan magariba, minti goma sha biyar sun isa. Ki ce ya buɗe inda aka yi yau, ya sa yatsa a ƙarƙashin kowace kalma yana karantawa. In Hausa ce, kunnenki zai gaya miki ko maganar ta yi ma'ana. Ki rufe hoton da tafin hannunki ki ce ya sake. Ki ce ya fara daga layin ƙasa. In ya gama, ki tambaye shi wa aka ce ya je kasuwa, me ya sayo. Da waɗannan kaɗai za ki bambance mai karatu da mai hadda, ko da ba ki san harafi ɗaya ba. Idan kika ga ya cije a wuri ɗaya kwana da kwanaki, sai ki aika wa malamarsa, ko ki sa yayarsa ta zauna da shi. Kuma don Allah a ajiye bulala a wannan zama. Yaron da yake tsoron duka ba ya yarda ya nuna inda bai gane ba, mu kuma wurin nan muke nema.

Kada kuma a ji kunyar cewa karatun na Hausa ne. Rubutun Hausa galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa, shi ya sa yaro yake saurin kama shi, kuma wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshensa ba sai ya sake koyon wannan daga farko ba idan ya zo Turanci. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, kuma Turancinsu bai gaza na sauran ba. Shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk a kan karatun Hausa a ƙananan azuzuwa suka tsaya.

Tatsuniya ma karatu ce. Yaron da ya saba jin labarin Gizo da Ƙoƙi, ana yi masa kacici-kacici, ya san labari yana da farko da ƙarshe, kuma cikinsa cike yake da kalmomi kafin ya gan su a takarda. Lissafi kuwa yana nan a aiken da ake yi masa: an ba ka ɗari biyar, ka sayo na ɗari uku da hamsin, nawa ne canji? Mata sun daɗe suna koyarwa a cikin gida a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar malamanta mata da ake kira jaji ta kai ilimi har cikin ɗakunan matan ƙauye.

Ku kuma iyaye maza, ban manta da ku ba. Yaron da ya fita bai karya ba, ko da koko ne ko ɗumame, ba zai ji darasin farko ba. Wanda ya kai tsakar dare yana kallon fim a waya, barci zai yi a aji. Yarinyar da ake tura wa talla da safe ta iso bayan an rufe rajista, darasin karatu ne take rasawa, domin yawanci shi ake sawa da farko. Ku duba yinin yaro gaba ɗaya, boko da safe, Islamiyya da yamma, allo da dare, ku sama masa inda zai huta. Ku kuma leƙa makaranta a tsakiyar zango, kada sai ranar karɓar sakamako. Maimakon tambayar na nawa ya zo, ku tambayi malam ko ya taɓa jin yaron yana karatu.

Ina da roƙo biyu ga shugabannin makarantu da 'yan kwamitin kula da makaranta. Duk abin da na faɗa ba zai yiwu ba in babu littafi a gida. Iyayenmu sun taso da Ka Koyi Karatu, suka kai ga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, suna karanta ta a zaure da fitilar ƙwai. Yau a makarantu da dama littattafan suna kulle a kabad don kada su yage. A buɗe kabad ɗin. A samu littafin aro, a rubuta sunan yaro da ranar da zai dawo da shi, kwamiti ya ɗauki nauyin bibiya. Na biyu, malamai su riƙa ba da jingar da ake karantawa da baki, layi biyar ko shida da yaro zai biya wa wani a gida, wanda ya saurara ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gefen shafin, malam ya duba da safe lokacin kiran suna.