Jawabi a Kan Citta a Taron Ƴan Olelewa

Iyayenmu dattawa, liman, da ƴan'uwa da suka dawo daga cin rani, barkanmu da ganin juna lafiya.

An ce mu yi magana a kan citta, mai yatsa muke nufi, ba mai ƙwaya ba. Damargu ƙasar hatsi ce, citta ba ta fita a nan, ruwanmu bai ishe ta ba. Daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Kwoi, ta biyo Kano da Damagaram kafin ta iso Tanut. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta na can, a shekarar kuma aka rufe iyaka, kowa ya ga yadda ta yi tsada. Duk da haka ba gidan da ya daina daka yaji.

Kakanninmu ba su yi kuskure ba. Citta tana kwantar da tashin zuciya, tana saukar da kumburin ciki. Likitoci sun gwada ta a kan mata masu laulayin ciki, sun ga rabin cokalin shayi na garinta a wuni, wato kamar giram 1, yana rage amai. Lokacin hunturu, shayin citta ko kunu mai yaji na ɗumama jiki, ya sassauta maƙogwaro. Masu shiga mota zuwa Agadas, ku riƙe ƴar guntuwa a aljihu. Amma in an wuce cokali 2 a wuni sai ƙwarnafi, kuma wanda likita ya ba maganin tsinka jini ya tambaya tukuna.

To, ga abin da ya dame mu, mu malaman lakwal. Duk damina da kaka muna ganin gurabe a benci. Mu tambaya, a ce yaro na masassara, ana ba shi jiƙon citta da kanumfari. Ya yi gumi, a ce ya samu sauƙi. Kwana uku sai a ɗora shi a amalanke, ya riga ya galabaita. Gumin nan na citta ne kawai, ƙwayar cutar da sauro ya zuba tana nan cikin jini, tana cinsa. Haka yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko wanda wuyansa ya sanƙare lokacin zafi: ba aikin yaji ba ne. A kai shi likita ran nan, ba gobe ba. Gwajin masassara ɗigon jini ne a yatsa, ba ya kai minti 20.

Iyayenmu, ku ake tambaya kafin a fita da yaro, in kun ce a tafi ba mai musu. Ku kuma ƴan cin rani, in za ku koma, ku bar wa uwargida kuɗin mota daban da na cefane, ku gaya mata gaban tsofaffi kada ta jira wayarku.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.