Jawabin Shugabar Mata Kan Rasuwar Innarmu

 

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kamar yadda wasunku suka ji, Allah Ya yi wa Innarmu ta mazaɓar gabas rasuwa daren Talata, an kai ta makwancinta da safiyar Laraba. Na ga ya dace in ce wani abu a kanta, don yaranmu na yanzu tsohuwa mai dogara sanda kawai suka sani.

Ba wanda ya rubuta ranar haihuwarta. Amma takan ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956, tana goye da ɗanta na fari. To ku lissafa da kanku, ta doshi casa'in.

'Yar manomi ce, manomi ta aura. Tun asuba tana bakin turmi, surfe da daka, kafin rana ta take ta ɗora wa yara ƙwaryar fura a kai wa masu noma. In kaka ta yi, ga sussuka ga shiƙa. Zamanin dalar gyaɗa a Kano, ɗan abin da maigidan ya ware mata shi take soyawa ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, da dare kuma ta ɗauki mazari ta yi kaɗi a hasken aci-bal-bal. Da wannan ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki, ba ta ci bashin kowa ba.

Mahaifiyata ce ta ba ni labarin farin 1973. Rumbu ya ƙare, damina da saura. Inna ta sauke kwanukan jerenta kaf ta sayar, aka auno dawa. Mata, kun san abin da jere yake a wurin mace a lokacin, shi ne asusunta, shi ne mutuncinta. In ta yi kunu, sai ta fara kiran 'ya'yan maƙwabta kafin nata. Ina ɗaya daga cikin waɗanda iyayensu suka sha kunun nan.

Matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai 1976, bayan wahalar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha, har da ɗauri. Inna ta kusa arba'in kafin ta taɓa jefa ƙuri'a. Tun daga nan ba ta yarda zaɓe ya wuce ta. Na ƙarshen nan a bayan babur jikanta ya kai ta.

Akwai abin da yake ci mini rai, gara in faɗa. Ana gab da zaɓe muka kai mata atamfa da sabulu. Ta karɓa ta sa albarka, sannan ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko sai bayan shekara huɗu kuma za ta sake ganina. Muka yi dariya. Wallahi sau ɗaya na koma, shi ma tana kwance ba ta gane ni ba. Allah Ya yafe mini.

Ta bar marayu biyu, jikokinta da take riƙo. Babbar tana aji biyu na sakandare, kuma na ji har an fara zancen cire ta. Ba za mu zuba ido ba. Kowace shugabar mazaɓa ta tara abin da ya sawwaƙa, ko kwanon hatsi ne, a miƙa wa ma'ajinmu kafin Litinin. Kuɗin makarantar yarinyar na bana ni na ɗauka, zan kuma zauna da baffanninta.

Ranar Talata bayan la'asar za mu je gidan tare. Na san a cikinmu akwai waɗanda ba sa zaman bakwai, ba laifi, ku je gaisuwa ranar da ta yi muku. Don Allah ban da ankon jam'iyya, ban da ɗaukar hoto.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya ba iyalanta haƙuri. Wadda ta karanta ta sanar da wadda ba ta da waya. Wassalamu alaikum.